Hulba da Ciwon Sukari

Ba na cikin masu raina maganin da ya fito daga tsiro, domin kuwa metformin, wanda likitoci suka fi farawa da shi wajen ciwon sukari na manya, asalinsa yana komawa ga wani tsiro na Turai da ake kira Galega, kuma sai a 1957 ne likita Jean Sterne na Faransa ya bayyana fa'idarsa ga marasa lafiya bisa ƙa'idar gwaji. Saboda haka, idan aka ce hulba, wadda kantunan magungunan Musulunci ke sayarwa gari da ƙwaya, tana da tasiri a kan sukarin jini, ba zan musa ba, tun da yake cikin ƙwayarta akwai wani sinadari mai yauƙi wanda ke jinkirta shigar sukari cikin jini bayan an ci abinci. Abin da nake inkari shi ne da'awar masu shela da lasifika a tasha, waɗanda, alhali ba su san mizanin da ya dace da kowane jiki ba, suke umurtar mara lafiya ya ajiye maganin asibiti. Haɗarin yana da fuska biyu: wanda ya bar maganinsa, sukari zai ci gaba da yi wa ƙoda da idanu illa a ɓoye, wanda kuwa ya haɗa hulba da maganin asibiti ba da sanin likita ba, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa ainun har ya suma, musamman idan yana azumi.