Ba waya kaɗai ke jefa matasa cikin ciwon damuwa ba

Duk matashin da ya shiga ƙunci a yau, wayarsa ake fara tuhuma. Sai dai bincike bai goyi bayan wannan hukunci na gaggawa ba.

A shekarar 2019, Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun nazarci bayanan matasa sama da 350,000 a Amurka da Birtaniya. Sun gano cewa rawar da amfani da na'urori ke takawa a walwalar matasan ba ta wuce kashi 0.4 cikin 100 ba. Cin zali da shan tabar wiwi sun fi alaƙa da ƙunci, isasshen barci kuma ya fi alaƙa da kwanciyar hankali.

A shekarar dai, binciken Marta Di Forti a mujallar Lancet Psychiatry ya nuna cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau uku wajen haɗarin taɓin hankali irin na sikizofireniya. Gado ma yana da nasa kason.

Hakan bai wanke waya ba. Mai kwana a TikTok har asuba barcinsa yake sayarwa, zagi a Facebook kuma cin zali ne. Amma iyayen da suka ƙwace waya suka ɗauka magana ta ƙare, suna iya barin ciwon yana ci. Matashin da ya yi mako biyu cikin ƙunci, ko yake jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, likita yake buƙata.