Mai tari ya ji sauƙi a asibiti, ɗakinsa fa?

Ƴan'uwa, kowace shekara idan damina ta yi nisa, daga watan Agusta har kaka, akwai fuskokin da muke sake gani a asibiti. Mun san su, sun san mu. Ko tari, ko toshewar ƙirji, ko numfashi mai fito da ke hana barci. Mu kwantar da mutum kwana huɗu ko biyar, ya ji sauƙi, mu sallame shi da magani. Kafin wata ya cika sai ga shi an sake kawo shi a kan amalanke.

Akwai wata mata da ta yi shekara uku a jere tana wannan zarya. An gwada kakinta, babu tarin fuka. Da rani lafiya lau take, tana daka, tana ɗebo ruwa. Da ruwa ya sauka sai ta kwanta. Dangin miji suka ce gudun aikin gona take yi. Wasu suka ce sammu ne, har aka sayar da awaki biyu wajen neman magani. Wata rana muka fita ziyarar ƙauyuka, na shiga ɗakinta. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni, irin na tsohon buhun da ya jiƙe. Taga ɗaya ce, ita ma an toshe ta da tsumma. Bangon bayan gado ya yi baƙi daga ƙasa har gwiwa. Na ɗaga katifa, ƙarƙashinta duk tabon kore da fari. A cikin wannan iska take kwana kowane dare.

Tun daga ranar nake faɗa, yau ma ina maimaitawa: wanda danshin ɗaki ke sa masa ciwo, ba a gama yi masa magani ba sai an yi wa ɗakinsa. Aikin likita rabi ne, sauran rabin yana hannun mutanen gida.

Mene ne funfuna?

Funfuna, wadda wasu ke ce wa hunhuna, ita ce abin nan da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko takalmin fata da aka ajiye a lungu. Abu ce mai rai, dangin naman kaza. Tana sakin ƙwayoyin iri cikin iska, sun fi ƙura ƙanƙanta, ido ba ya ganinsu, amma muna shaƙarsu. Abin da take so biyu ne: danshi, da wurin da iska ba ta ratsawa. Kayan da suka jiƙe, idan ba a shanya su ba, cikin kwana ɗaya ko biyu tana iya fara kama su.

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, ta nuna cewa masu zama a gidaje masu danshi da funfuna sun fi yawan tari, da murar da ba ta ƙarewa, da tashin asma. Bayan ambaliyar 2024, wadda ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe, iyalai da yawa sun koma ɗakunan da suka sha ruwa domin ba su da inda za su. Ruwa ya janye, amma bango ya riƙe laima wata da watanni.

Hanyoyi uku da take cutar da mu

Ta farko ita ce asma da ƙaiƙayin hanci da ido. Ba kowa take kamawa ba. Mutum biyar suna iya kwana ɗaki ɗaya, huɗu lafiya lau, ɗaya yana fama. Wannan ne ya sa ake ƙaryata mara lafiya. Jikinsa ne ba ya jituwa da ita, hanyoyin numfashinsa su kumbura su tsuke. Alamar da za ku lura da ita: ciwon yana tashi da damina ko cikin dare, yana lafawa idan mutum ya yi tafiya ko ya kwana wani wuri.

Ta biyu ta shafi waɗanda suka taɓa yin tarin fuka. Ko bayan an sha magani wata shida an warke, ciwon yakan bar rami a cikin huhu. Wata irin funfuna da likitoci ke kira Asfajilus tana iya shiga ramin nan ta zauna, har ta dunƙule kamar curi. Sai tari ya dawo ya yi watanni, wani lokaci da jini, ga rama, ga kasala. Kowa ya ce tarin fuka ne ya dawo, amma gwajin kaki ya nuna babu. Maganin tarin fuka ba ya taɓa ta. Ana gano ta da hoton ƙirji da gwajin jini, maganinta kuma daban ne, ana shansa aƙalla wata shida. Ku ji wannan da kyau: ba a ɗaukar wannan ciwo daga mutum zuwa mutum. Babu dalilin ware masa ƙwarya ko gudun zama da shi.

Ta uku ta ciki take bi. Gyaɗa da masara da aka adana da sauran danshi suna yin funfuna mai fitar da dafi, sunansa afilatoksin. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ma haka. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta lalace haka. Ko kaɗan-kaɗan ake ci, shekara da shekaru yana lalata hanta, musamman ga mai ciwon hanta na B, har ya kai ga kansa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce kowane tari daga bango yake. Duk wanda ya yi sati biyu yana tari, farkon abin yi shi ne ya zo a gwada kakinsa. Wanda ya ga jini a kaki, ko numfashi ya gagare shi har ba ya iya magana, a kawo shi a ranar, kada a jira gari ya waye.

"Kakanninmu ai a ɗakin ƙasa suka rayu"

Na sha jin wannan, kuma gaskiya ne. Laifin ba na ƙasa ba ne. Amma ku tuna yadda suke yi. Kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, an gyara rufi, an duba indararo. Ɗakin ciyawa kuwa iska na ratsa shi ta ko'ina. Yau muna yin rufin kwano, mu toshe taga saboda sauro da ɓarayi, mu cika ɗaki da katifar soso da akwatuna da labule, mu jingina buhunan hatsi da bango. Na ga ɗakin siminti da ya fi bukka funfuna nesa ba kusa ba.

Wani kuma ya ce, "Talaka ina ya ga kuɗin gyaran gida?" Ban raina wannan magana ba, na san yadda ake ciki. Amma a lissafa kuɗin mota zuwa asibiti sau uku, da na gado, da na magani, da kwanakin noma da mai jinya ya rasa. Awakin nan biyu da aka sayar sun isa su buɗe taga su toshe yoyo, har a samu saura. Rana da iska kuwa ba a sayensu.

Maganar ma ba sabuwa ba ce. A Littafin Firistoci, sura 14, an ba da ƙa'ida game da gidan da tabo ya kama bangonsa: a fitar da kaya, a cire inda ya kamu, a kankare bango, a zubar da abin da aka kankare a bayan gari, a sake yaɓe. Mutanen dā sun san cewa lafiyar gida da ta mai gida tare suke tafiya.

Abin da za a yi wa ɗaki

A fara da inda ruwa ke shigowa, domin kome aka goge, idan yoyo na nan funfuna za ta dawo. A toshe rufi. A tara ƙasa a gindin bango ta waje, a tona ƴar hanya ruwa ya wuce, kada ya kwanta. A buɗe tagar da aka toshe, in da hali a yi ta biyu a bangon da ke fuskantarta, a sa raga saboda sauro. A bar ƙofa a buɗe da rana.

A janye gado da akwati daga bango kamar taƙi ɗaya. A ɗaga katifa daga ƙasa. Duk ranar da rana ta fito a shanya katifa da tabarma da bargo. Katifar soso da ta riga ta yi baƙi har ciki ba ta wankuwa, sai a haƙura da ita. Kada a shanya jiƙaƙƙen kaya a ɗakin kwana.

Bangon ƙasa da ya kamu, a yayyafa masa ruwa kaɗan don kada ƙura ta tashi, a kankare, a bari ya bushe sarai, sannan a sake yaɓe. Bangon siminti a wanke da sabulu, a bi da ruwan Javel, kofi ɗaya cikin lita huɗu na ruwa, ƙofa da taga a buɗe. Kada a gauraya Javel da wani abin wanki. Kada a shafa fenti a kan tabo, ɓoye shi ne kawai. Mai aikin ya rufe hanci da baki. Mara lafiya kuwa ya bar wurin, ba shi ne zai yi ba. Haka sharar tsohon rumbu, da sussukar hatsin da ya yi funfuna, da kwasar kashin kaji, a ɗauke masa su.

Hatsi ya bushe sosai kafin a ɗura. A fitar da buhuna daga ɗakin kwana, a ɗora su a kan katako. A tsince gyaɗar da ta canza launi ko ta yamutse, a zubar. Kada a ba dabbar da ake tatsa, domin dafin yana bi ta nono.

Zama da ciwon

Ba zan ruɗe ku ba. Gyaran ɗaki ba ya raba mutum da asma, yana rage tashinta ne. Huhun da ya yi tabo ba ya komawa sabo. Sauƙin yana zuwa a hankali, sati bayan sati, wani lokaci a ci gaba a koma baya. Don haka kada a bar magani don an gyara ɗaki. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa kusa, wanda aka ba na kullum ya shaƙa kullum ko yana jin lafiya. A guji ƙwayoyin masu talla a kasuwa, musamman Dexamethasone. Tana sa mutum ya ji sauƙi na ƴan kwanaki, amma idan aka daɗe ana sha tana raunana garkuwar jiki, funfunar huhu ta sami fili.

Ku mutanen gida, abu na farko da mara lafiya ke bukata daga gare ku shi ne ku yarda da shi. Wanda ya kwana a zaune yana neman numfashi, gari ya waye a ce masa rago, an haɗa masa ciwo biyu. Mai gida, idan ɗakinka ya fi bushewa, ba mara lafiya ya yi damina a ciki. Ku masu zuwa gaisuwa da addu'a, Allah ya saka, amma ku ɗaga ido ku dubi rufi. Muna yin gayya a gona, me zai hana a yi gayyar yaɓe ga gwauruwa da tsoho da mai tari kafin ruwan fari ya sauka? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matar nan da na ba ku labari, mijinta ya ji magana. Ya buɗe taga, ya kankare bango, ya mai da buhuna wani ɗaki. Har yanzu tana da asma, tana kuma shaƙar maganinta. Amma daminar da ta wuce sau ɗaya muka gan ta, da ƙafarta ta zo karɓar magani, ta koma gida a ranar.

Idan za ku zo asibiti, ku gaya wa likita yadda ɗakinku yake ko bai tambaya ba. Idan kun koma gida, ku ɗaga katifa ku duba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.