A Liƙe Turame Kafin Su Yi Kogo

'Yan'uwana ɗalibai da samarin ma'aikata, akwai wata cuta da muka raina don ba ta kayar da mutum nan take, alhali kuwa tana hana yara barci, tana hana su cin abinci, tana kuma raba su da aji. Ruɓewar haƙori nake nufi. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, an ƙiyasta cewa mutane wajen biliyan 2 ne ke da ruɓa a haƙoransu na girma, yara miliyan 514 kuma a haƙoran yarinta.

Da can akan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Gaskiyar maganar ita ce ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki su ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani tsami wanda ke zaizaye ɓawon haƙori sannu a hankali har ya yi kogo. To, ga alewa da biskit da lemon kwalba a ƙofar kowace makarantar firamare, safe da rana.

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne turame, wato haƙoran tauna na can ciki. Samansu ba sumul yake ba, yana da kwaruruka masu zurfi da ƙunci, waɗanda bakin asuwaki ko na buroshi ba ya kai wa ƙarshensu. Turamen farko na dindindin suna fitowa yaro yana da shekara 6 ko kusa da haka, a bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda haka iyaye da yawa sukan ɗauka za su fita lokacin famfara, sai su ƙyale su su ruɓe. Alhali haƙorin nan in ya tafi, babu mai maye gurbinsa. Na biyu kuma suna fitowa wajen shekara 12.

Masana sun daɗe da samo dabara. A shekarar 1955 wani likitan haƙori a Amurka, Michael Buonocore, ya nuna cewa in an ɗan shafa wa ɓawon haƙori ruwa mai tsami, roba za ta kama shi gam. Daga nan aka samo liƙin turame. A wanke haƙori, a busar da shi, a zuba wata 'yar roba mai ruwa-ruwa ta cike kwarurukan, sa'an nan a haska mata fitila ta daskare. Babu allura, babu huda, babu zafi, kuma aikin 'yan mintoci ne. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa liƙin yana hana kashi 80 cikin 100 na ruɓewar turame a shekaru biyu na farko, yana kuma ci gaba da hana wajen rabi har shekara huɗu.

Wani zai ce wannan ai sai ƙasashe masu arziki, mu da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da rashin lantarki ina mu ina liƙin haƙori? Amsa ita ce akwai wani nau'in liƙi da ake kira gilas ayonoma, wanda ake kwaɓawa da hannu, a danna shi da yatsa, ya daskare da kansa ba tare da lantarki ba. A Tanzaniya aka fara gwada hanyar gyaran haƙori da kayan hannu kaɗai a tsakiyar shekarun 1980, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilas ayonoma cikin jerin muhimman magunguna. Batun tsada kuwa, a auna kuɗin liƙi da kuɗin mota zuwa babban asibiti, da na cire haƙori, da kwanakin karatu da yaro ya rasa.

Ban ce liƙi ya isa shi kaɗai ba. Ba ya kare tsakanin haƙora, kuma yakan ɓantare, don haka sai an riƙa dubawa ana sabuntawa. Goge baki sau biyu a rana da man da ke da sinadarin fulorayid, da rage zaƙi, suna nan daram.

Shawarata ita ce Ma'aikatar Lafiya da ta Ilmi a kowace jiha su haɗa kai, a riƙa tura ma'aikatan haƙori makarantun firamare sau ɗaya a shekara, su duba 'yan aji ɗaya da 'yan aji shida, su liƙe turamen da suka fito. Likitocin haƙori sun yi mana kaɗan, kuma yawancinsu a birane suke, saboda haka ƙananan ma'aikatan da aka horar su ne za su ɗauki nauyin. Ku da ke zaune a ofisoshi, ku sa wannan cikin kasafin da kuke rubutawa. Mu kuma ɗalibai, in mun je hutu, kowa ya leƙa bakin ƙanensa ko ƙanwarsa, ya gaya wa iyaye cewa turmin shekara shida ba ya famfara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.