Filin Maigida: Notin Da Ya Ajiye Mu A Kwanar Dangora

Cikin wasiƙun da suka iso min akwai ta wata baiwar Allah da ta ce motar mijinta ta zame mata kishiya, duk abin da ya samo gareji yake tafiya, ga shi sati biyu da sauke inji an sake cewa kamshaf ya ci. Tana tambaya, anya ba sammu ba ne? 'Yar'uwa, ki yi haƙuri ki ji abin da ya same ni, watakila ki gane mai sammun.

A shekarar 2011 na sayi Golf 3, irin wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1991, mai inji 1.8 da bawul takwas, don a riƙa yi min lodin Kano zuwa Zariya ana samun na cefane. Kuɗina bai kai ba, sai Maman Abba ta ɗauko sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal, waɗanda mahaifiyarta ta bar mata, ta ce in sayar in cika. Ba ta ce rance ba ne, ba ta kuma ce kyauta ba ce. Duk magidanci ya san nauyin irin wannan shirun.

Ana saura kwana biyar bikin ƙanwarta mota ta fara zafi tana shanye ruwa. Aka ce gaskit ya ƙone, sai an sauke kan inji, wanda makanikai ke kira top silinda. Tunda an sauke, aka cire kamshaf aka wanke bawul. Ran da za a mayar maigidan garejin ya tafi jana'iza, ya bar yaronsa. Ni kuwa na tsaya a kansa kamar mai gadin gona, don na riga na yi alƙawari a gaban surukaina cewa motata ce za ta ɗauki amarya. Yaro ya ɗaure notunan da ke riƙe kamshaf da 'yar ƙaramar sifana, na ga kamar wasa yake yi. Na ce, "Kai, ba ka ci abinci ba ne? Ɗaure min shi sosai, hanya za mu hau." Ya ce, "Alhaji ai ya isa haka." Na ce shi da wa ya isa? Sai ya ɗauko wani dogon fayif ya zura a sifanar ya danna. A noti na uku na ga hannunsa ya tafi da sauƙi, ya ɗago ya kalle ni, ya mayar da kai. Ni a raina har daɗi na ji, wai yanzu aka yi aiki.

Ran kai amarya muka ɗauki hanya, amarya da ƙawarta da gwaggonta a baya, Maman Abba a gaba ta sha gwaggwaro. Mun wuce Kura lafiya. Muna dosar Kwanar Dangora sai na ji kaf-kaf-kaf daga cikin inji kamar ana sassaƙa turmi, jar fitilar mai ta fara ƙiftawa, mota ta mutu murus. Amarya da dama kuka take yi ta ƙara sauti. Gwaggo ta ce ita dai tun da safe gabanta ke faɗuwa. Aka kwashe su aka cusa a bas ɗin 'yan ɗaukar kaya, tsakanin kwalla da katifa. Maman Abba ba ta ce min uffan ba, ta dai dubi motar, ta shafa wuyanta, ta hau bas.

Washegari aka jawo motar, dattijon maigidan garejin ya buɗe murfin sama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, wa ya hau kan wannan notin?" Na yi shiru. Yaron ma ya rufa min asiri, Allah Ya saka masa. Dattijon nan ya zaunar da ni a benci ya yi min karatun da nake son in ba ku yau.

Kamshaf shi ne sandan ƙarfen nan mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke kwance a saman inji, yana danna bawul su buɗe su rufe a kan lokaci. Duk juyi biyu na karanshaf shi juyi ɗaya yake yi. Abin da ke riƙe shi wasu 'yan murafai ne na alminiyum, kuma tsakaninsa da su akwai 'yar rata da ba ta wuce kaurin silin gashi ba, ta nan baƙin mai ke ratsawa ya hana ƙarfe cin ƙarfe. Kan injin ma alminiyum ne, ƙarfe mai laushi. In ka matse fiye da kima, ko murfin ya lanƙwashe ya shaƙe ratar, ko ya tsage, ko kuma ƙusar ta tsinke haƙoran ramin da take ciki. Wannan na ƙarshen ne ya same ni. Sauƙin da na ga hannun yaro ya yi, haƙora ne suka cinye. Murfin ya riƙa ɗagawa a hankali har ya fashe, mai ya tsere, kamshaf ya goge.

A littafin wannan injin, awon ɗaurin notunan nan Nm 20 ne kacal. Kada haruffan su tsorata ku. Nm 20 kamar ka rataya nauyin kilo 2 ne a ƙarshen sanda mai tsawon mita 1. In sifanar taƙi guda ce, wajen santimita 25, ƙarfin kilo 8 ya wadatar, abin da yarinya mai ɗaukar bokitin ruwa za ta iya. To ku auna ƙato ya danna fayif mai tsawon mita. A wannan injin dai, babbar ƙusar da ke riƙe faifan taimin bel a goshin kamshaf Nm 80 take so, na taya kuwa 110. Kun ga kowace da rabonta, kuma rabon Golf ba shi ne na Toyota ko Honda ba, sai an duba na kowace mota. Ita ta goshin in aka bar ta sako-sako, faifan ya yi ta girgiza har ya cinye ɗan makullin da ke riƙe shi, lokaci ya goce, mota ta ƙi tashi. Wato sakaci ma da nasa hukuncin.

Akwai sifanar awo da aka yi don wannan aiki, makanikai na ce mata tok renci. Ana saita ta a kan lambar da ake so, in ɗauri ya kai sai ta yi ƙas, sai a tsaya. Dattijon yana da ita, a nannaɗe cikin tsumma a ƙasan akwati, ya ce masu mota ne ba sa haƙurin a ɗauko ta. Ban musa ba.

Ya ƙara min da abu biyu. Na farko, ba a ɗaure murfi ɗaya a gama sannan a koma na gaba, domin sifirin ɗin bawul suna turo kamshaf sama, in ka danne gefe guda yana iya karyewa kamar rake. Kaɗan-kaɗan ake bi, nan rabin juyi can rabin juyi, har ya kwanta daidai, bayan an shafa masa mai. Na biyu, kowane murfi da lambarsa da fuskar da yake kallo, don tare da kan injin aka huda su a masana'anta. Ba ka ɗauko na wata mota ka liƙa ka ce an gama. Shi ya sa murfi ɗaya da bai cika tafin hannu ba ya sa na je Ƙofar Ruwa neman kan inji sukutum, da sababbin ƙusoshinsa, don su ma irin masu miƙewa ne in an ɗaure, ba a so a maimaita su.

To 'yar'uwa mai wasiƙa, ki lallaɓa maigida cikin dabara, bayan ya ci ya ƙoshi, ki tambaye shi ko da sifanar awo aka ɗaure masa, kuma ko yana tsaye a wurin yana ba da umarni. In ya yi tari ya kau da kai, kin samu amsa.

Ni dai sai da na yi wata guda kafin na iya faɗa wa Maman Abba gaskiya, cewa ba yaron gareji ba ne, bakina ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in kawo mata fasasshen murfin. Sarƙa na biya ta a 2014, amma murfin yana nan cikin kwabet ɗinta tare da tangaran. Duk ran da na fara ɗaga murya a kan yara, sai in ji ta daga kicin tana cewa, "Baban Abba, a ɗauko maka fayif ne?"