Irmiya Ya Sayi Gona Ana Cikin Yaƙi

'Yan'uwa matasa, akwai maganar da ta fara yawo a zumuntarmu nan Mungadi, kuma ba za mu yi shiru a kanta ba. Ka tambayi saurayi me ya hana shi zuba irin albasa bana, ko ya koma ya gyara takardun jarrabawarsa, sai ya ce: "Baba Fasto, duniyar ma ta zo ƙarshe, Yesu na dawowa." Yana faɗa da murya mai sanyi, kai ka ce ruhaniya ce. Mu dai lalaci muke gani ya sa rigar ibada.

Mun gaskata Almasihu zai dawo, kowace Lahadi muna shaida haka. Mun kuma san abin da ke kashe gwiwa: tsadar taki, labarin 'yan bindiga, ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar mutane a Kebbi. Amma ku buɗe Irmiya sura 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabi kansa yana tsare a gidan waƙafi. A wannan hali ɗan kawunsa Hanamel ya zo masa da tallar gona a Anatot. Wa ke sayen gona a ƙasar da ake shirin cinyewa da yaƙi? Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa, ya kira shaidu, aka sa hannu, ya ba Baruk takardun ya ce a ajiye su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Dalilinsa guda ne: Allah ya ce za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Begensa ya ci masa kuɗi.

Aya ta 11 a sura 29 da muke son liƙawa a bayan babur ma, ga bayin da za su yi shekara 70 a Babila aka rubuta ta. A wannan wasiƙar aka umarce su su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure.

Abin haushin kuwa, wanda ya ce ba amfanin noma don duniya za ta tashi, shi ne za ka tsinta a shagon caca a Jega yana jiran sakamakon ƙwallon Ingila. Ashe yana da gobe! Manomin Aliero da ya adana albasarsa wata da watanni, yana tsince ruɓaɓɓu yana jiran kasuwa ta yi kyau, ya fi shi fahimtar jira.

Manzo Bulus ya gamu da irin wannan a Tasalonika, bai kuwa lallashe su ba: wanda ya ƙi aiki, ya ce kada a ba shi abinci. Saboda haka asusun taimako na zumunta na gwauraye ne da marasa lafiya da 'yan makaranta. Mai ƙarfi da ke son tallafi ya zo ya gaya mana gonar da zai shiga ko sana'ar da zai koya, mu zauna mu duba tare.