Wa ya fara miƙa wa yaronka Tramol?



Kullum muna tsine wa samarinmu da ƙwaya ta lalata, amma ba ma tambayar wa ya miƙa musu ta farko. Sau da yawa daga gida aka fara. Yaro ya yi tari, sai a aika kemis a ce a kawo "mai ƙarfin nan". Yaron shago ya yi kukan ciwon baya bayan ya wuni yana sauke buhunan albasa a Mile 12, sai maigidansa ya ɓallo masa Tramol, wai taimako.

Kodin da Tramol dangin mofin ne. Hanta ce ke juya kodin ya koma mofin, kuma akwai yaran da hantarsu ke yin hakan da sauri fiye da kima, numfashi ya yi ta raguwa cikin barci har ya tsaya. Mai kemis ba zai gane wane yaro ne haka da ido ba. Shi ya sa a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 waɗannan magunguna biyu. A nan gida, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan binciken BBC ya tona yadda ake kwankwaɗarsa.

Wani zai ce ai likitoci ma suna rubutawa. Gaskiya ne. Yaro mai sikila ko wanda aka yi wa tiyata yana buƙatar maganin ciwo mai ƙarfi, hana shi zalunci ne. Amma likita yana auna nauyin yaro, ya ƙayyade kwanaki, ya sa ido. Kai da ka sayo kati guda a rumfa, me ka auna?

Masu kemis ɗinmu, lasisinku bai ba ku damar sayar da waɗannan ba, kun sani. Iyaye, in likita ya rubuta, ku tambayi sunan maganin da ranar dainawa, ku kulle shi, ragowar kada ta zama ta ƙanensa. Iyayen gida, yaron da aka damƙa muku daga Arewa amana ne. In ya gaji, ku bar shi ya huta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya tsare mana zuri'a.

Sakataren ƙungiya