Yunwa a Birni: Abinci Na Kasuwa, Tukunya Ba Ta Kan Murhu

Uwargida, a wannan mako zancenmu ya fi ƙarfin kwalliya da girke-girke, gama sai da abin dafawa ake maganar iya dahuwa.

Idan kin taɓa shiga kasuwar Dawanau ta Kano, kin ga buhunan gero da dawa da masara da wake jibge kamar duwatsu, to, za ki gane cewa yunwar birni ba ta rashin abinci a gari ba ce. Mutumin ƙauye yana da rumbu. Mu a birni rumbunmu aljihun maigida ne, ran da ya fita bai samo ba, ran nan babu wuta a murhu. Ga kuɗin haya, ga na mai ruwa, ga gawayi, duk daga cikin kuɗin cefanen nan ake yanko su.

Ki tuna abin da ya faru tun ran 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Kada ki ce ba ki da mota. Kowane ƙwayar gero da ke cikin tukunyarki mota ce ta kawo ta, kuma injin da ya niƙa miki ita mai yake sha. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta faɗi, sai alkama da sukari da duk abin da ake sayowa daga waje suka yi tsalle. Har wa yau 'yan bindiga sun kori manoma daga gonakinsu a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Manomin da a da yake kawo mana hatsi ya dawo birni yana neman mudu kamar mu. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100, har buhun shinkafa ya fi mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000.

Mata ne suka fara ɗaga murya. A Fabrairun 2024 masu yin gurasa a Kano suka fito kan titi saboda tsadar fulawa, matan Minna kuma suka tare hanya. A lokacin ne afafata, watau tsakin shinkafar da ake zuba wa kifi, ta zama abincin gidaje. An sami sauƙin farashin hatsi a 2025, alhamdu lillahi, amma gidan da ya sayar da akuya da keken ɗinki ya ci, bai mayar da su ba.

Akwai wata magana da ba mu so a faɗa. Matalauciya ta fi mai kuɗi sayen abinci da tsada. Mai kuɗi ya sayi buhu da kaka ya ajiye, ke kuwa gwangwani-gwangwani kike saye a shagon unguwa, mai a cokali, sukari a ƙulli, kowanne da ribar wani a kansa. Sa'an nan in tuwon bai isa ba, wa ke haƙura? Ke ce. A ba maigida, a ba yara, ki sha ruwa ki ce kin ƙoshi, alhali kina goyo ko kina da juna biyu. Jaririn da ke bayanki da wanda ke cikinki su ma sun kwana da yunwa ke nan.

Ku kuma 'yan makaranta, na san ku ake fara ɗora wa farantin talla in gida ya yi zafi. Ba na zagin uwar da ta rasa yadda za ta yi. Amma ribar gyaɗar yini ɗaya ba ta kai ranar karatu ɗaya ba, balle irin abin da yarinya ke gamuwa da shi a tasha. In ya zama dole, a bari sai an tashi daga makaranta, kuma kada a yi dare.

To, me jama'a ke yi? Masu hali da gwamnatoci suna ciyarwa da azumi, akwai kuma Hukumar Zakka da Hubusi a Kano. Allah ya saka. Sai dai azumi wata ɗaya ne, ciki kuwa bai san Shawwal ba. Kuma rabon da ake tara mutane a ƙofa ɗaya ya ci rayuka: a Bauchi a Maris na 2024 mata sun mutu a turmutsutsun rabon kuɗi, haka kuma mutane sun mutu a turmutsutsu a Ibadan da Abuja a Disambar shekarar. Mai niyyar bayarwa ya bi ta hannun mai unguwa da liman da dattijan mata, su ne suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba, su kai da dare ba tare da an tona asirin kowa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne na matan da suka juya adashinsu. Maimakon kwasar ta tafi ga anko da kayan biki, sai su haɗa su goma, su wakilta mutum ɗaya ya sayo buhun gero ko wake a kan sari lokacin kaka, a auna a gaban kowa a raba. Wasu sun dasa zogale da rama da alayyafo cikin tsofaffin buhuna a tsakar gida, ruwan wanke hatsi ya ishe su. Wasu kuma suna soya gero da waken suya da gyaɗa a niƙa tare, a yi wa yaran da aka yaye kunu. Ciyayyar da iyayenmu suka saba, ta aika kwanon tuwo maƙwabta da magariba, ita ma ba ta bukatar izinin hukuma.

Uwargida, in kuna da irin wannan ƙungiya a unguwarku, ki rubuto mana yadda kuka tsara ta, da wadda ke riƙe kuɗin, da yadda kuke yi da wadda ta kasa zubi. Za mu buga a wannan fili. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.